Na'urar da ke sauraron ƙwayar zarra, take kama algus ɗin da ya fi ƙarfin ido da harshe

Kowace sana'a da irin gwajinta. Mai sayen zuma a kasuwar Maraɗi ko ta Jibiya yakan tsoma tsinken ashana a ciki ya ƙyasta, ko ya ɗiga ta cikin ruwa ya ga ko za ta nutse a dunƙule. Mai sayen man gyaɗa ya shinshina, mai hatsi ya cusa hannu har gindin buhu, mai sayen tukunya kuwa ya ƙwanƙwasa ta ya kasa kunne, domin ya san mai tsaga ba ta amo irin na lafiyayya. Waɗannan dabaru mun gaje su ne kaka da kakanni, kuma har gobe suna kama ƙananan macuta. To amma akwai wani irin algus da masu ilimin haɗa sinadarai ke shirya shi a masana'anta, bayan sun zauna sun nazarci gwajin da za a yi wa kayan, suka haɗa jabun da zai ci gwajin. Irin wannan ya fi ƙarfin ido da hanci da harshe, wani lokaci ma har da ɗakin gwaje-gwajen gwamnati.

A kan haka ne muka ga ya dace mu yi wa masu karatu bayanin wata na'ura da masu Ingilishi ke kira NMR, masu Faransanci kuma RMN. Ba a kafa ta a shingen duwan ko na kwastan, amma hukuncin da take yankewa a ɗakunan bincike na Turai da Asiya yana iya mayar da kwantena guda inda ta fito.

Abin da ya faru da hefarin

Hefarin magani ne da ke hana jini daskarewa. Ana amfani da shi wajen wankin ƙoda da tiyatar zuciya, kuma da wuya babban asibiti ya wuni bai buɗe kwalbarsa ba. Daga hanjin dabba ake tato shi, akasari na alade, ko da yake wasu ƙasashe na yin na shanu, kuma kaso mai yawa na ɗanyensa daga ƙasar Sin yake fitowa.

A farkon watan Janairu na shekarar 2008, wani asibitin yara a jihar Missouri ta Amurka ya ba da rahoton cewa yaran da ake yi wa wankin ƙoda suna shiga wani hali mintoci kaɗan bayan an fara: fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, bugun jini ya faɗi ƙasa warwas. Nan da nan aka ji irin labarin daga wasu jihohin. Da aka bi sawu, sai aka ga abin da ya haɗa marasa lafiyar shi ne hefarin na kamfanin Baxter, wanda ran 17 ga watan ya janye rukuni tara na maganin daga kasuwa, daga baya ya faɗaɗa janyewar. Ya zuwa watan Afrilu, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce ta karɓi rahoton mutuwar mutum 81 da suka nuna irin waɗannan alamu bayan an ba su hefarin, kuma an sami gurɓataccen maganin a ƙasashe goma sha ɗaya.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, maganin ya ci dukkan gwajin da doka ta tanada a lokacin. Babban gwajin kuwa shi ne a zuba shi a ruwan jini a ga ko zai hana shi daskarewa, kuma ya hana. Takardu sun cika, hatimi ya hau, ga shi kuma mutane na mutuwa.

Sai da aka narkar da garin maganin aka sa shi a na'urar NMR sannan asiri ya fara tonuwa. A zanen da na'urar ke fitarwa, hefarin na gaskiya yana da wani tsini da aka san mazauninsa, a lamba 2.04 a kan ma'aunin. A kwalaben da suka yi ɓarna sai ga wani baƙon tsini ya tsiro kusa da shi, wajen 2.16. Wannan ɗan bambanci, wanda bai fi kauri na tsinke ba a kan takarda, shi aka bi. Masana a jami'ar MIT ta Amurka ƙarƙashin Ram Sasisekharan, tare da na cibiyar Ronzoni da ke birnin Milan na Italiya da wasu ɗakunan bincike, suka zana ginin baƙon sinadarin gaba ɗayansa, aka buga sakamakon a mujallar Nature Biotechnology a watan Afrilu na 2008.

Ashe wani sinadari ne mai araha da ake samu daga guringuntsin dabbobi, irin wanda ake sayarwa don ciwon gaɓoɓi. Na halitta yana ɗauke ne da gungun farar wuta kamar guda ɗaya a kowace gaɓa ta sarƙarsa, wannan kuwa an ɗura masa har huɗu, abin da ya sa yake hana jini daskarewa kamar hefarin, ya kuma ruɗi gwaji. A jikin mutum kuwa yana tayar da wasu sinadaran jini da ke buɗe jijiyoyi farat ɗaya, bugun jini ya faɗi. A zaman bincike na majalisar dokokin Amurka an bayyana cewa farashinsa bai fi kashi ɗaya cikin ɗari na farashin hefarin ba. A daidai wannan lokaci kuma cutar da ake kira shuɗin kunne ta yi wa aladun ƙasar Sin ɓarna tun daga 2006, ɗanyen hefarin ya yi tsada. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke biyo bayan ƙarancin kaya da tashin farashi. Hukumar FDA ta ce tana kyautata zaton da gangan aka zuba shi don riba. Kafin shekarar ta ƙare an shigar da gwajin NMR cikin ƙa'idojin da hefarin zai cika kafin a sayar da shi a Amurka da Turai.

Yadda take ji

Da farko mu kawar da wani tsoro. Harafin farko na sunan na'urar yana nufin nukiliya, kuma da an ambaci wannan kalma hankalin mutanenmu kan tafi ga yuraniyom na Arlit ko ga bam. Babu alaƙa. Kalmar na nufin cibiyar ƙwayar zarra ne kawai, kuma na'urar ba ta fitar da tururin guba. Da maganaɗisu da igiyar rediyo take aiki. Ƙanwarta ce ma ke asibiti, wato na'urar MRI da ake shigar da marar lafiya ciki don ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ko laka, kuma saboda irin wannan tsoro ne likitoci suka cire kalmar daga sunanta.

Duk abin da muke taɓawa, daga sukari har man fetur, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Ƙwayoyin kan haɗu su yi ƙulli, kuma yadda aka jera su a ƙullin shi ke sa abu ya zama magani ko guba. A sinadaran abinci da na magani, waɗanda suka fi yawa su ne kabon, haidurojin da oksijin. Cibiyar ƙwayar haidurojin tana da hali irin na ɗan mitsitsin maganaɗisu, kamar allurar kamfas da matafiyi ke neman alƙibla da ita. Idan aka sa ta cikin ƙaƙƙarfan maganaɗisu sai ta daidaita da shi. Idan aka buge ta da igiyar rediyon da ta dace sai ta karkace, tana komawa mazauninta kuma tana fitar da nata amon na rediyo, wanda wata ƴar waya da ke kewaye da samfurin ke kamawa. Ƙwanƙwasa tukunya ke nan, sai dai tukunyar a nan ido ba ya ganinta.

Masu sauraron rediyo za su fi saurin gane sauran. Kowace tasha da lambarta, tashoshin FM kuwa tsakanin megahaz 88 da 108 suke. A cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 2.35, haidurojin yana amsawa ne a megahaz 100, wato tsakiyar zangon FM sosai. Na'urorin da aka fi samu a jami'o'i na aiki a megahaz 400 zuwa 600. Mai 400 ɗin na buƙatar tesla 9.4, kusan sau 200,000 ke nan na ƙarfin maganaɗisun duniya da ke juya allurar kamfas. Shi ya sa ba a shiga kusa da ita da guduma ko tukunyar gas ta ƙarfe.

Felix Bloch a jami'ar Stanford da Edward Purcell a Harvard su suka fara jin wannan amo a ruwa da kuma daskararren abu, kowa a nasa ɗakin, a ƙarshen 1945 zuwa farkon 1946, suka kuma raba kyautar Nobel a 1952. Su masana kimiyyar fizis ne, ba kama algus ne gabansu ba. Abin da ya mayar da binciken nasu kayan aikin masu haɗa sinadarai ya bayyana ne a 1950, sa'ad da aka lura cewa ƙwayoyin zarra iri ɗaya ba sa amsawa a lamba ɗaya cif. Kowace tana ɗan gocewa gwargwadon maƙwabtanta a cikin ƙulli. Haidurojin da ke kusa da oksijin tasharsa daban, wanda ke can nesa tsakanin kabon tasa daban. Gocewar ƙarama ce ainun, da kashi cikin miliyan ake auna ta, kuma su ne lambobin nan 2.04 da 2.16 da muka ambata. A na'ura mai megahaz 500, tazarar da ta tona asirin jabun hefarin ba ta wuce bugu 60 cikin bugu miliyan 500 a daƙiƙa ba.

Bari mu ɗauki misali mai sauƙi, wato etanol, sinadarin nan da ke cikin man goge hannu na kashe ƙwayoyin cuta. Ƙullinsa na da kabon biyu, haidurojin shida, oksijin ɗaya. A 1951, James Arnold da Srinivas Dharmatti, ɗan ƙasar Indiya, da Martin Packard suka sa shi a na'ura a Stanford, sai ga tsini uku, girmansu uku da biyu da ɗaya. Ma'ana, haidurojin shidan nan a gida uku suke zaune: uku a gidan farko, biyu a na biyu, ɗaya shi kaɗai manne da oksijin. Da na'urori suka ƙara kyau sai aka ga biyu daga cikinsu sun rarrabu. Na gidan mutum uku ya tsage kashi uku, na gidan mutum biyu ya tsage kashi huɗu. Ƙa'idar ita ce, adadin tsagin ya fi adadin haidurojin na gidan maƙwabta da ɗaya. Wato kowane gida yana faɗin yawan mutanensa, yana kuma tona yawan na maƙwabcinsa. Mai unguwar da ya sami irin wannan ƙidaya zai iya zana unguwarsa ko bai taka ta ba.

Akwai wani sinadari da shi ma yake da kabon biyu, haidurojin shida, oksijin ɗaya, daidai da etanol, amma shi iska ce da ake ɗurawa a gwangwanayen feshi. A cikinsa oksijin ɗin a tsakiya yake, kabon ɗaya dama ɗaya hagu. Idan aka ƙirga ƙwayoyin zarra kawai, su biyun abu ɗaya ne. A NMR kuwa wannan tsini ɗaya tal yake bayarwa, domin haidurojin shidan duk zamansu iri ɗaya ne.

A da sai an bi lamba ɗaya bayan ɗaya kamar mai murɗa akwatin rediyo yana neman tasha. A 1966 Richard Ernst ɗan ƙasar Suwizalan, tare da Weston Anderson, suka nuna cewa a iya bugun dukkan ƙwayoyin lokaci guda, a naɗi hayaniyar da suka yi, kwamfuta ta warware ta da lissafi. Daga baya aka samar da zane mai tsawo da faɗi, kamar taswira, wanda ke nuna wane haidurojin ke ɗaure da wane kabon. Irinsa aka yi amfani da shi a kan hefarin. Ernst ya karɓi Nobel a 1991. A yau miligiram kaɗan na samfuri ake narkarwa a zuba cikin siririn bututun gilashi mai faɗin milimita 5, a mintoci kaɗan zane ya fito, samfurin kuma bai lalace ba.

Maganin maza da zuma

A ganinmu babban darajar na'urar ita ce wannan. Yawancin gwaje-gwaje tambaya ɗaya suke yi: abu kaza yana ciki ko babu? Abin da ba a tambaye su ba ba za su faɗa ba. Ita kuwa NMR duk abin da ke da haidurojin a cikin bututun, muddin yana da ɗan yawa, sai ya yi magana, ko an san da shi ko ba a sani ba.

Masu sayar da maganin ƙarfin maza, waɗanda ba a rasa su a kowace tasha da kasuwar kan iyaka, ya kamata su ji wannan. Tun bayan fitowar Viagra a 1998, wasu masana'antu suka shiga zuba sinadarinsa, sildenafil, a cikin shayi da kofi da ƙwayoyin da aka rubuta wa "na itatuwa zalla". Da hukumomi suka fara gwada kayan don neman sildenafil, sai masu wannan aiki suka koma sauya ƙullin kaɗan don kada gwaji ya gane shi. A 2003 masanan hukumar abinci da magunguna ta Koriya ta Kudu suka ba da rahoton irin wannan a wani abin sha. An ƙara masa kabon ɗaya ne da haidurojin biyu a gefe guda. A zanen NMR, tsini ɗaya na gidan mutum uku ya ɓace, a madadinsa aka ga mai tsagi uku da mai tsagi huɗu, wato tambarin nan da muka gani a etanol. Daga lokacin zuwa yau an gano gommai na irin waɗannan ƴan uwan sildenafil. Akasarinsu ba a taɓa gwada su a jikin mutum yadda ake yi wa magani ba, babu kuma wanda ya san adadin da ke cikin kowace ƙwaya sai wanda ya zuba. Ga mai ciwon zuciya da ke shan magungunan buɗe jijiya na dangin naitiret, haɗuwarsu da irin wannan na iya kayar da bugun jini har ta kai ga rasa rai. Ɗan tireda da ya sayar yana ganin sassaƙe ne, a rumfarsa za a zo neman bayani.

Ita kuwa zuma labarinta ya fi shafar masu fitar da kaya. An daɗe da gwajin da ke gane sukarin rake da na masara idan an gauraya su da zuma. Sai masu algus suka koma ruwan sukarin shinkafa da na gwoza mai zaƙi ta Turai, waɗanda wancan gwaji ba ya gani. A shekarar 2020 cibiyar CSE ta birnin Delhi ta sayi zumar kamfanoni 13 a kasuwannin Indiya. A gwajin gida yawancinsu sun wuce. Da aka aika su wani ɗakin bincike a Jamus aka yi musu NMR, uku kawai suka tsira, ko da yake kamfanonin da abin ya shafa sun musanta. Tun daga watan Agusta na wannan shekara ma Indiya ta wajabta gwajin a kan zumar da za a fitar zuwa Amurka. A watan Maris na 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken lodi 320 na zumar da aka shigo da ita, wanda aka yi da hanyoyi da dama har da NMR: 147, wato kashi 46 cikin 100, an yi zargin an gauraya su.

Sai dai a nan akwai abin lura. Gwajin zuma ba kamar na hefarin ba ne, inda ake zana ƙulli guda. Zuma haɗin sinadarai ne masu yawa, don haka ana kwatanta zanenta ne da na dubban samfurorin zuma ta gaskiya da aka tara a rumbun kwamfuta. Idan zumar wani yanki ba ta da wakilci sosai a rumbun, tsarkakakkiya ma na iya fitowa da alamar tambaya, kuma dillalan zuma a Turai sun sha yin jayayya a kan haka. Masu ɗauko zumar Adamawa daga Ngaundere da niyyar kai ta ƙetare, yana da kyau su tambayi mai sayensu wane gwaji za a yi da kuma wane ɗakin bincike, tun kafin a ɗaure lodi, a kuma rubuta shi a yarjejeniya.

Ƙaro ma ya taɓa shiga bututun. Tun 1991 masana a jami'ar Edinbara suka nuna cewa da sauraron ƙwayar kabon maimakon haidurojin ana iya tantance ƙaron dakwara daga na sauran itatuwa, abin da masu saye daga Sudan da Cadi da Najeriya ke bambanta farashi a kansa. Masu sayen riɗi da gyaɗa a manyan masana'antu kuma suna da wata ƙaramar ƴar uwar na'urar da ke auna yawan mai da danshin ƙwaya ba tare da an matse ta ba.

Kada kuma a ɗauka ta iya komai. Kunnenta ba ya jin abin da ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Ragowar maganin ƙwarin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, ko gubar fumfuna da ke sa a ƙi gyaɗa, wasu na'urori ne dabam ke kama su. Haka gubar nan mai zaƙi, dayetilin gilaikol, da ta kashe yara 84 a Najeriya ta hanyar maganin haƙori na My Pikin a 2008 zuwa 2009, ta kashe kimanin 70 a Gambiya a 2022, aka kuma same ta har kashi 28.6 cikin 100 a maganin tari na Naturcold a Kamaru a 2023, alhali iyakar da aka yarda da ita ba ta wuce 0.10 ba. NMR na iya bambanta ta da gilisarin ɗin da ake sa ta a madadinsa, amma akwai gwaji mafi araha da aka tanada dominta. A waɗannan wurare abin da aka rasa shi ne wanda zai yi gwajin kafin kwalba ta isa kanti.

Ga kuma tsada. Babbar na'ura kan ci ɗaruruwan dubban daloli, masu ƙarfi sosai kuwa, irin mai megahaz 1,200 da aka kafa a birnin Florence na Italiya a 2020, ta haura dala miliyan goma. Maganaɗisunta sai an jiƙa shi cikin ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, a riƙa ƙara masa lokaci lokaci, ga buƙatar wutar da ba ta yankewa da ƙwararren da zai karanta zanen. A shekarun baya bayan nan an fito da ƙanana da ake ɗorawa a kan tebur, masu megahaz 40 zuwa 100, waɗanda ba sa buƙatar hiliyam. Ba su kai manyan gani ba, amma sun isa tantance magunguna da mayuka da dama, kuma irinsu ne ɗakunan gwaji kamar LANSPEX a Yamai ko LANACOME a Yawunde ko na NAFDAC za su fi iya riƙewa.

Wani abu da ya taimaka a batun hefarin, wanda ba ya buƙatar ko tesla ɗaya, shi ne lambar rukuni da ke jikin kowace kwalba. Da ita aka haɗa marasa lafiyar Missouri da rukunan da suka gurɓata, da ita aka bi kayan baya har masana'antar da ke Changzhou a ƙasar Sin, da ita kuma aka san waɗanda za a kwashe daga asibitoci. A kasuwanninmu kuwa sau da yawa akan yage kwali a zube ƙwayoyi cikin leda, ko a juye zumar masu kawowa biyar a duro ɗaya. Manyan dillalan ƙetare kan ɗebi kwalba biyu daga kowane lodi a gaban mai kaya, a liƙe su a sa hannu, ɗaya ta tafi ɗakin gwaji, ɗaya ta zauna a ajiye har a gama ciniki. Idan sakamako ya zo da gardama, ta biyun ake buɗewa.